Nauyin Hannun Makau

Ruwan shuka ya sauka a Nasarawar Burkullu ranar wata Asabar, ranar Lahadi kuwa taraktar Alhaji Lirwanu ta daina ɗaga haro, garmar fayafayan ƙarfen da take ja a baya. Ta tashi lafiya lau, hayaƙinta ya turnuƙe ƙofar gida kamar kullum, kaji suka watse. Makau ya ja sandar ɗagawa da ke dama da kujera, hannuwan ƙarfen nan biyu na baya suka yunƙura, haro ya bar ƙasa kamar taƙi ɗaya, ya tsaya yana makyarkyata kamar mai jante, sannan ya koma ya zauna inda ya taso. Ya sake ja. Wannan karon ko yunƙurin ma ba ta yi ba.

Shekara tara Makau yana tuƙa wannan tarakta. Ja ce, ko dai a ce ta taɓa zama ja. Alhaji ya saye ta a gwanjo shekarar da aka yanke Zamfara daga Sakkwato, a lokacin ma ta riga ta ga duniya. Da damina ta yi haro a gonakin mutane tun daga bakin gari har Gwashi, da kaka ta ja tirelar dawa da auduga, da rani ta ɗebo yashi a gulbi. Makau ya san kukanta kamar yadda ya san tarin 'ya'yansa. Abu ɗaya ne ya hana zaman ya yi daɗi, mai taraktar surukinsa ne. Habsu, 'yar Alhaji ta uku, ita ce matarsa. Saboda haka shekara tara ke nan yana tuɓe takalmi tun daga nesa, ya tsuguna, ya zuba ido a ƙasa, duk abin da aka ce ya ce haka ne. Da Alhaji zai wayi gari ya ce tarakta da fura take tafiya, iyakar abin da Makau zai iya shi ne ya tambaya a dama ko a kawo curi.

Kafin rana ta ɗaga ya bi duk abin da direba ke iya bi. Ya zaro sandar awon mai ya goge a gefen wando, ya mayar ya sake zarowa, mai na nan cike har kan layi. Ya duba sandunan nan biyu na gefen kujera, ta ɗagawa da ta zurfin huɗa, ko wani ya yi wasa da su, suna inda ya bar su. Ya duba makunnin da ke karkata mai zuwa tirela in za a juye yashi, don an taɓa mantawa da shi a buɗe aka kwana biyu ana zargin aljanu. A rufe yake. Ya ɗage ƙafa daga kuloci gaba ɗaya, don ya san in an danne shi har ƙasa famfon da ke tura man ɗaga haro ma tsayawa yake. Ya kwanta ƙarƙashinta ya nemi inda mai ke zuba, bai ga komai ba sai tsohon ɗigon da suka saba da shi tun shekarar farko. Daga nan ya kwance haron ya ja sanda, hannuwan suka tashi su kaɗai, suna tafiya suna hutawa kamar tsoho a kan tsani. Da ya taka su da nauyin jikinsa kawai, suka sauke shi ƙasa cikin ladabi.

Alhaji ya fito da hantsi, ya tarar da masu gonaki shida a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidansa, kowa da ranar da aka yi masa alkawari. Alhaji bai taɓa zama a kujerar tarakta ba ko da wasa, amma Allah ya yi masa baiwar sanin ciwonta tun kafin ya ƙaraso. Bai dubi Makau ba, don suruki ba ya duban suruki. In yana da magana da shi, dogonyaro yake fuskanta ya faɗa, itacen kuma ya sha jin labarin Makau fiye da kowa a garin.

"Na daɗe ina faɗi," in ji Alhaji ga dogonyaro, "hannunai na da nauyi. Sanda ta ƙarfe ce, shi ko ja yake kamar guga ta maƙale cikin rijiya."

Makau yana tsugune ya ce haka ne.

Akwai abu ɗaya a jikin taraktar da ba a yarje wa Makau ya taɓa ba, shi ne bakin da ake zuba man giya, wanda ke gaban kujera tsakanin ƙafafunsa. Man yana ɗakin Alhaji a kulle, shi yake fitowa da shi da hannunsa, shi yake zubawa, domin a saninsa direba da jarkar mai ba a barinsu su kaɗai. Shekara uku da suka wuce murfin wannan baki ya faɗi a fadama ba a gan shi ba. Alhaji ya ce ba zai aika Gummi don ɗan ƙarfen da bai kai bakin moɗa ba. Ya sa aka kawo totuwar masara, ya zaro wuƙa ya sassaƙe ta a gaban jama'a yana bayani, ya cusa, ya buga da dunƙulen hannu. Ta zauna daram. Tun daga ranar totuwar nan ta zama abin alfaharinsa, baƙo ba ya barin ƙofar gidan sai an kai shi ya gani, a faɗa masa Turawa ɓarnar ƙarfe kawai suka iya. Matsalar ɗaya ce, totuwar ba ta daɗewa. Bayan wata biyu ko uku sai a wayi gari babu ita, Alhaji ya tsine wa awaki, ya sassaƙa sabuwa. Akwai wani farin bunsurunsa da aka taɓa gani a kan tirela sau ɗaya, shaidar ta isa, aka yanka shi.

Makau ya taɓa ganin murfi irin wanda ya ɓace a wurin masu tsofaffin ƙarafa a Gummi, ya saya. Shekara biyu ke nan yana cikin akwatin sifanu, naɗe da tsumma. Ɗaura shi daidai yake da cewa totuwar Alhaji ba ta yi ba, wannan kuwa ba maganar suruki ba ce.

Ranar Litinin Hayatu bakanike ya iso daga Gummi a kan babur, da jakar kayan aiki da ta fi shi ƙiba. Ya zaro sandar awo ya ce mai ya isa. Ya tambaya ko a zubar da man a duba ciki, Alhaji ya ce mai ba shi da laifi, shi ne mai kula da shi da kansa, a nemi ciwo wani wuri. Hayatu ya nemi ciwo wani wuri. Ya cire kujera, suka taru su huɗu suka ɗaga murfin da ke ƙarƙashinta, ya canja robobin silindar da ke ɗaga haro, ya ci tuwo biyu da kaza ɗaya, ya mayar da komai inda yake ranar Talata da la'asar. Aka tayar da inji. Haro ya tashi taƙi ɗaya, ya yi makyarkyatarsa, ya zauna.

Lokacin da kowa ke kallon haro, Makau ya kara kunne kusa da cikin motar. Ba mai yawan magana ba ne, shekarun da wasu suka yi suna koyon amsawa shi ya yi su yana sauraro. Abin da ya ji ba kukan mataccen famfo ba ne. Wani ɗan ƙara ne, cuit, cuit, kamar ɗan maraƙi yana tsotson uwar da aka riga aka tatse. Famfon yana ja, abin ja ne ba ya isa gare shi. Ga mai cike, ga famfo da ƙishirwa, to akwai abin da ya tsaya a tsakaninsu. Ya buɗe baki zai faɗa, ya tuna wanda ke kula da mai, ya rufe.

Hayatu ya goge hannu ya ce famfo ya mutu. Cikin ikon Allah kuma yana da wani a gida, mai kyau, kamar dai yana jiran wannan rana. Alhaji ya tambaye shi me ke kashe famfo. Hayatu ya dubi wanda ke zaune a kan buzu, ya dubi wanda ke tsugune a ƙasa, ya ce abubuwa da yawa ne, amma nauyin hannu yana ciki.

Nan take Alhaji ya miƙa tafin hannu ga iska. Makau ya kwance igiyar makulli daga wuyan hannunsa ya ajiye a gefen buzu. Alhaji ya sanar da dogonyaro cewa ranar Alhamis Hayatu zai dawo da famfo, kuma ya aika Anka a kira masa Surajo, wani direba da ya taɓa tuƙa katafila a aikin hanya. Sabon famfo ba zai shiga tsohon hannu ba. Makau kuwa ba a kore shi ba, Allah ya kiyaye, ai ɗan gida ne, zai iya riƙa ɗaura haro da kwancewa.

Ranar Laraba da azahar, da rana ta kori kowa cikin ɗaki, Makau ya dawo wurin tarakta da 'yar sifana da guntun waya. Ya shiga ƙarƙashinta ya sassauta notin zubar da mai kaɗan, ya tara tafin hannu. Man ya ɗigo da ƙyar, mai kauri. Ya murza shi da yatsa ya ji tsaki-tsaki, ya ɗaga hannu ga haske ya ga wani jan ƙaiƙayi yana yawo a ciki. Ya ɗaure noti. Ya hau sama, ya dubi gabas da yamma, ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya zare totuwar Alhaji. Ya lanƙwasa bakin waya ya zura cikin ramin yana lalube. A karo na uku wayar ta kamo wani abu baƙi, tsawon ɗan yatsa, duk haƙoran giya sun tattaune shi. Ya kankare da farce. Totuwa ce.

Ya zauna a kan taya ya daɗe yana kallonta. Ashe ba waje suke fita ba, ciki suke shiga. Zafi ya busar da su su tsuke, girgizar hanya ta zurma su, giya ta niƙa, garin ya tafi ya liƙe a rariyar da famfo ke shan mai ta cikinta, tunda man giya da na ɗagawa tukunyarsu ɗaya. Gyaran bai fi aikin hantsi ɗaya ba. Amma in ya yi shi a ɓoye ba shi da makullin da zai gwada, gobe a sa sabon famfo, haro ya tashi, a ce famfo ne da hannun Anka. In kuwa ya bari, Hayatu zai buɗe cikin ya gani da idonsa, ya wanke rariyar shiru, ya ɗaura famfonsa, ya ci tuwo. Ko ta ina aka bi, hannun Makau ne zai ci gaba da nauyi. Sai an faɗi abin da baki, a gaban mutane, kafin famfo ya shiga. Bakinsa kuwa ba zai faɗa ba ko za a yanka shi kamar bunsuru.

Ya mayar da totuwar da ya zare inda take, ya tafi gida da baƙin guntun. Habsu tana bakace a tsakar gida, ya ajiye shi a kan faifanta. Ta juya shi, ta sansana, ta dube shi. Dariya ta kama ta har ta zauna a ƙasa, sannan ta tuna ɗiyar wa take, ta haɗiye sauran. Ta ce kada ma ya dube ta, ita ba za ta iya faɗa wa Baba ba, mahaifiyarta ma ba za ta iya ba, wadda ta taɓa cewa a bar bunsurun nan aka yi mako ba a ci tuwonta ba. Ta ci gaba da bakacenta. Can ta ce, tana kallon faifai, ai in an zubar da mai Baba ba ya yarda a watsar, tacewa ake yi a mayar, ita kuma rariyarta ta yage. Duk unguwar babu mai rariya mai kyau kamar Inna Dija.

Inna Dija taubashiyar Alhaji ce, 'yar kawunsa. Tun suna yara take kiransa bawanta, ya je Makka ya dawo bai 'yantu ba. A garin nan kaf ita kaɗai ce za ta tsaya a gaban jama'a ta ce da Alhaji Lirwanu kansa kamar tulu, ya yi dariyar dole, don wasan taubasai ba a fushi da shi, wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Sana'arta ƙuliƙuli, shekara arba'in tana matsar gyaɗa, babu abin da za a faɗa mata game da mai da abin da ke kwanciya a ƙarƙashinsa.

Makau ya same ta a bakin murhu, ya gaishe ta har ƙasa, ya ce aron rariya ya zo, gobe za a tace man tarakta. Da zai gyara zama, baƙin guntun ya faɗo daga aljihunsa a kan tabarma, daidai gabanta, kamar yadda abubuwa kan faɗo. Ta ɗauka ta kankare, ta ga sassaƙar wuƙa, ta tambaye shi a ina wannan ta kwana. Ya ce a cikin giya. Fuskarta ta fara haske a hankali kamar an yi mata albishir da jika.

"Nawa sunka ɓace?"

"Ban ƙirga ba, Inna. Amma an zagi awaki sau goma sha ɗaya."

Ta ce rariyarta ba ta zuwa aro, inda za ta je da mai ita take zuwa. Ta sa guntun a ƙullin zanenta, ta ba shi ƙuliƙuli cikin hannu ta ce ya kai wa yara.

Ranar Alhamis masu gonaki sun kai goma sha biyu a ƙarƙashin dogonyaro, don laimar ƙasa ta fara ja baya, kowa hankalinsa na kan gonarsa. Hayatu ya iso da famfo ɗaure a bayan babur cikin buhun siminti. Surajo ya sauka daga motar kasuwa da baƙin tabarau da hular sanyi a tsakiyar damina, ya zagaya taraktar sau biyu yana buga taya da ƙafa, ya ce katafila ta fi wannan wuya nesa ba kusa ba. Ya hau kujera ya zauna don ya saba da ita. Makau yana gefe a tsugune da sifanu a gabansa.

Hayatu ya tura daro ƙarƙashin mota ke nan, sai ga Inna Dija da rariya da faifai a ka, tana tafe tana gaishe da mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Bawana, an ce yau za ka fiɗe jakarka, na zo in ga hanji."

Alhaji ya tambayi jama'a wa ya bar ƙofa buɗe har tsohuwar nan ta fito, ya ce ta koma ga gyaɗarta, nan wurin ƙarfe ne. Ta ce ai saboda mai ta zo, ta san shi da rowa, ba zai bari ɗigo ya faɗi ƙasa ba. Kafin Hayatu ya ce wani abu ta durƙusa ta ɗora rariya a kan daro, ta ce ya kwance.

Man ya fito kamar kunun da ya kwana. Ya zuba kaɗan, ya tsaya. Hayatu ya zura waya a ramin ya sosa, sai ga shi ya ɓalle da gudaji-gudaji, yana faɗawa kan rariya ɓat, ɓat. Inna Dija ta girgiza rariyar irin ta masu sana'a, man ya wuce, abin da ya rage ya taru a tsakiya, tuli guda, ja-ja baƙi-baƙi. Ta ɗiba ta murza. Ta miƙa wa na kusa da ita ya murza, shi ma ya miƙa wa na gaba. Masu gonaki ne dukkansu, babu wanda ya buƙaci a faɗa masa sunan abin da ke hannunsa, sai dai kowa ya sami wani wuri a ƙasa ya kafa wa ido.

Hayatu ya yi sauri ya kwance faifan ƙarfen da ke gefen cikin motar, ya zura hannu har kafaɗa, yana juya wa mutane baya. Inna Dija ta ce duk abin da ya kamo ya ajiye a kan faifanta, ita ba ta yarda da ungozomar da ke ɓoye abin da aka haifa ba. Ya fito da rariyar famfo, ba a ganin ko huda ɗaya a jikinta, ta zama kamar curin ƙuli. Ya sake zurawa ya fito da totuwa rabi. Ya sake, wata. Ya sake, wata, wannan ko taunar kirki ba ta sha ba, sassaƙar wuƙar Alhaji tana nan a jikinta tsaf, sassaƙar da duk wanda ke wurin ya taɓa tsayawa aka yi masa darasi a kanta.

Inna Dija ta jera su a kan faifai, ta fito da ta ƙullin zanenta ta cika huɗu.

"Jama'a, ku taya ni yi wa bawana barka. Shekara uku yana da injin niƙa ƙofar gida, matan unguwa na tafiya har bakin kasuwa da masara bisa kai, bai gaya muna ba." Ta juya ga Alhaji. "Kai ko, Lirwanu, in ka je lahira ka fara neman farin bunsuru, ka roƙe shi gafara tun bai kai ƙara ba."

Wani daga baya ya yi tari mai tsawo. Wani ya tashi ya zagaya bayan dogonyaro, kafaɗunsa na rawa. Makau bai ɗaga kai ba, yana jera sifanu daga ƙarama zuwa babba, ya gama ya sake jerawa daga babba zuwa ƙarama.

Alhaji ya yi dariyar da al'ada ta wajabta masa, ba ƙari. Ya ɗauki totuwa ɗaya ya juya ta, ya ce wannan masarar zamani ce, irin da ake rabawa yanzu, totuwarta siririya kamar kara. Da masarar dauri ce, ko da guduma ba za ta shige ba. Ya ce shi ma ya daɗe yana zargin haka, bai dai so ya riga bakanike magana ba. Hayatu ya ce wallahi shi ma tun ranar Litinin zuciyarsa ke raya masa. Inna Dija ta tambaye shi, tunda ilimi ya sauko masa, ko nauyin hannu ne ke niƙa masara. Hayatu ya dubi buhun siminti a bayan babur, ya dubi mutum goma sha biyu da za su kai labari har Gummi kafin ya isa, ya ce abin da ya fi a wanke rariyar a gwada tsohon famfon tukuna.

Aka wanke ta da kananzir har haske ya riƙa wucewa ta cikinta. Aka ɗauraye cikin motar, aka kwashe sauran garin da hannu. Tsohon man ko Alhaji bai ce a mayar ba. Ya shiga ɗaki ya fito da jarkoki biyu, ya zuba da kansa, yana yi kamar jininsa ake ɗiba. Da ya gama, hannunsa ya tafi aljihu yadda ya saba, ya fito da sabuwar totuwa, sassaƙaƙƙiya tun jiya. Ya ga idon Inna Dija a kanta. Ya mayar da ita aljihu a hankali.

Ramin yana nan buɗe. A lokacin ne aka lura da wani ɗan murfin ƙarfe a kan marfin taya, kusa da hannun Alhaji, babu wanda ya ga lokacin da ya hau wurin. Makau yana can yana naɗe wani tsumma. Alhaji ya ɗauka ya gwada, ya murɗa, ya zauna cif. Ya juya ga dogonyaro ya ce ashe ga murfin da ya ɓace nan, shekara uku yana jikin mota, da ana duba abu da kyau da duk ba a kai ga haka ba.

Makau ya ce haka ne.

Saura makulli. Surajo yana kan kujera ya miƙo hannu. Inna Dija ta ce a ba shi mana, baƙo ne, ya sha hanya, in haro ya tashi sai a ce iskar Anka ce ta ɗaga shi. Masu gonaki suka fara gunaguni, wani ya ce shi dai gonarsa akwai kututture uku a cikin ciyawa, mutum ɗaya ne ya san inda suke. Alhaji ya juya makullin a hannu, ya dubi itacensa ya daɗe.

"Wanda abu ya lalace hannunai," in ji shi, "shi ya kamata ya gwada, kowa ya gani."

Ya ajiye makullin a kan taya, ba a hannun kowa ba. Surajo ya sauko yana goge tabarau. Makau ya hau, ya zura igiyar a wuyan hannunsa, ya tayar da inji, ya bar shi ya ɗan yi zafi yana sauraro. Ɗan maraƙin ya yi shiru. Ya sa yatsa biyu ya ja sanda, haro ya tashi gaba ɗaya har fayafayansa suna kaɗawa a sama, ya tsaya cak. Ya sauke, ya ɗaga, ya sauke, ya ɗaga. Ya kashe inji ya bar shi a sama, bai sauko ko kaɗan ba.

Surajo ya ci tuwo, don ba a kiran mutum daga Anka a bar shi da yunwa. Hayatu ya ɗauke shi a babur zuwa bakin titi, famfo a tsakaninsu cikin buhunsa. Inna Dija ta ƙulle totuwa huɗu a zane, ta ce za ta shanya su ta rataye a ƙofar ɗaki, akwai suna gidan Alhaji wata mai zuwa, baƙi za su so su gani.

Makau ya juya kan tarakta zuwa gonar mai kututture uku. Yana wucewa ta gaban buzu, Alhaji yana faɗa wa dogonyaro cewa da alama hannun ya fara sauƙi, faɗa yana da amfani. Ƙarar inji ba ta bar Makau ya ji ko kalma ɗaya ba, amma ya ga bakin surukinsa yana motsi, ya rusunar da kai ya ce haka ne.